Ranar da Gide Ya Fito daga Dutse

Ni Kulu, ban taɓa ganin mai iya ƙulla labari kamar innarmu ba, wadda mutanen Ketare ke kira Goggo Tani. Ba ta san ko bihim a karatu ba, amma ita ta ƙirƙiro labarin Gide da kanta, tana ba mu shi tun muna yara: jarumin da ya shiga cikin dutse ya ƙwato ƙanensa daga hannun Dodo. Sauran labarai cewa suke yi "wata rana" su wuce. Ita kuwa sai ta tsaya ta bayyana ranar. Ranar da Gide ya fito, in ji ta, lokacin sanyi ne, amfanin gona ya shigo gida, an haifi jariri a garken dabbobi, kuma an yanka rago domin yaro ya rayu.

Gidanmu na masu addinin gargajiya ne. Bayan rasuwar babanmu, yayana Labaran ya shiga coci, ƙanena Audi ya musulunta, ni ma aure ya kai ni Damari na bi addinin mijina. Inna ta zauna inda take. Abin da ke cin ranta ɗaya ne: 'ya'yanta maza sun daina cin abinci a ƙwarya ɗaya, ga tsufa ya kama ta, tana tsoron ta mutu ta bar su haka.

A shekarar da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙauye, Babbar Sallah da Kirsimeti suka faɗo a mako ɗaya. Labaran ya samu aiki a kamfanin titi a Faskari, Audi ya sayi babur yana kai hatsi kasuwar Kankara. Kowa ya ji ƙarfi, kowa ya ce shi zai ɗauki Inna ta yi biki a gidansa. Duk mun san abin da ke ƙarƙashin gayyatar: kowa so yake ya jawo ta addininsa.

Suka haɗu a tsakar gidan Inna da hantsi, ni na zo ganin gida, ni da ita muna ɓarar gyaɗa. Maimakon gaisuwar kirki, sai gardama a kan Gide. Wallahi na ji haushi, manyan magidanta suna jayayya a kan labarin yara.

"Inna, ke da kanki kin hwaɗa," in ji Labaran. "Jariri cikin garke, lokacin sanyi. Ai Kirsimeti ke nan. Zuciyarki ta daɗe da sani."

"Haba Yaya," in ji Audi. "To ragon hwa? An yanka rago don yaro shi rayu. Wanga ai Layya ce, ko makaho ya gani."

Inna ta bar su suka yi ta yi, tana ɓara tana hure ɓawo. Sai da murya ta fara dushe musu ta ɗago kai.

"Kun gama? To ni da na ƙulla labarin ban san Kirsimeti ba sannan, ban san Layya ba. Ranar rufe rumbu ce, wadda ubanku ke yin yanka don gode ma mai ba da amfani."

Ta juya wajen Audi.

"Audi, jaririn kai ne. Na shiga garke ba awaki dusa, naƙuda ta kama ni can. Ka hito ba ka numhwashi sosai, jikinka kamar ruwan randa. Ubanku ya kayar da ragon da ya aje ma ranar, ya ce a karɓi rago a bar mai ɗa. Babu babba kusa, sai wanga ya riƙe mai ƙahwahun rago yana kuka." Ta nuna Labaran da ɓawon gyaɗa. "Da aka gama ya tuɓe 'yar rigarsa ya lulluɓe ka, ya zauna da kai bakin murhu, ya ƙi ba kowa har ka yi kuka. Shi ne Gide. Mi kuke so in ce kuma?"

Ban taɓa jin wannan ba, Audi ma haka. Shekara da shekaru tana ba mu tarihin gidanmu a bakin Dodo, mu kuwa muna ta dariya. Na dube ta na ji girmanta ya cika ni, har na kasa ci gaba da ɓara.

"Ba inda za ni," ta ce. "Kowa shi yi bikinsa gidansa. Rumbuna dai jibi za a rufe shi."

Labaran ya tashi ya fita. Audi ma ya tayar da babur. Na ɗauka shi ke nan, an sake ɓatawa, har na yi wa Inna mita.

Jibin da safe sai ga Audi da rago ɗaure a bayan babur. Ya ce shi ba zai yi yankan gargajiya ba, da sunan Allah zai yanka. Inna ta ce ita ba ta tambaye shi ba. Ya kayar da ragon a bakin rumbu, rago ya yi ta shure-shure, ya rasa yadda zai yi shi kaɗai. Yana ɗaga kai zai kira ni, sai ya ga Labaran tsaye a bakin zaure, yana naɗe hannun rigarsa.

"Matsa," in ji Labaran. "Na san inda ake riƙewa."