Mutumin da Na Rataye a Falo

Da na yi ritaya daga gidan waya, zaman banza ya sa ni tonon asalinmu. Na sayi ƙaton littafi, na shiga damun 'yan'uwa da tambayoyi. Matata ta ce in dai zai hana ni leƙa mata tukunya, Allah ya taimaka.

A ƙasan akwatin marigayiya kakarmu na tsinci wani hoto naɗe cikin ɗankwali: dogon mutum mai gashin baki, ya dafa keke. Kakanmu ya rasu tun ba a haife ni ba, don haka na ɗauka shi ne, ban ga dalilin tambayar kowa ba. Na kai aka ƙara masa girma, aka sa gilashi, na rataye saman talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai na tare shi.

"Dubi hancin nan," in ce, ina juya masa gefen fuskata. "Gado ba karambani ba."

Har gashin baki na tara.

Wata uku ana haka, sai Goggo, yayar babanmu, ta zo ganin likitan ido ta sauka a wurinmu. Na zaunar da ita gaban hoton, ina jiran ta fashe da kuka. Ta gyara tabarau, ta matsa kusa.

"Kai, ina ka samo mai gyaran agogo?"

"Goggo, babanku ne fa."

"Baban wa? Babanmu gajere ne kamar turmi, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Wannan shi ya fara neman Inna. Ya yi tafiya, shiru, bai dawo ba."

Matata ta shige kicin da sauri, na ji ta buɗe famfo don kada a ji dariyarta.

Goggo kuwa ba ta yi dariya ba. Ta shafa gilashin da yatsa, ta ce, "Ashe ta ajiye shi." Da za ta tafi ta karɓi ƙaramin hoton, ta ce kada in kuskura in sa zancen a littafina.

Ban sa ba. Sai dai tun kafin zuwanta ƙannena bakwai na aika wa manyan kwafin hoton, kuma har yau uku kawai na iya kira na faɗa wa gaskiya.