Doguwa Biyu, Gajera Ɗaya

Talata, sha huɗu ga Oktoba, bakwai da minti goma na yamma, kuma har yanzu ba su fara ba… Bakwai aka ce, Eudora. Bakwai. Da ni ne na shigo tasha da jinkirin minti goma, sai na tsaya gaban shugaba na faɗi dalili. Su kuwa ga su can, mutum biyar a bayan dogon tebur, wai majalisar gari, kowa da kofin gahawarsa, suna raɗe-raɗe kamar masu zaman makoki. Me ya sami mutanen yanzu ne? Leɓe na motsi, murya babu. Can tsibirinmu, a makarantar mishan, Rabaran Pemberton da tsumagiyar tsamiya a hannu: Cuthbert Ollivierre, buɗe bakinka, bangon baya ma yana so ya ji. Na buɗe. Shekara saba'in ke nan ban rufe shi a kan rabin kalma ba. Waɗannan ko lasifika aka ba su…

Jiniya. A kanta aka taru. Suna so jirgin ƙasa ya daina busa jiniya a mahaɗar titin Alder, inda kwalta ta ratsa dogo. Wai tana hana su barci.

Barci!

Dubi su. Mutanen sababbin benayen nan na bakin tasha. Sun zo sun ga dogo, sun ga waya a sama, dillali ya ce musu ga jirgi a ƙofar gida, sa'a ɗaya kuna birnin New York, suka yi murna suka saya. Yanzu kuma — ka gina gida a bakin tafki sannan ka kai ƙarar kwaɗi? Da safe shi ke kai su wurin neman abinci, da dare shi ne abokin gaba. Wancan mai jar hular, shi ne ya tare ni a shagon burodi kwanaki, ya ce yaya dai Kyaftin Jiniya, har yanzu ana yaƙin? Ya yi dariya, haƙora farare kamar na talla. Na ɗauki burodina na fita. Kin san ni.

Kuma 'yarki tana cikinsu. Ga ta can layi na biyu, Marva, da rigar aikin asibiti, ko gida ba ta koma ba. Ta sa hannu a takardar kokensu. 'Yar direban jirgi! Wadda jiniyar nan ta biya mata kuɗin makaranta… Ta ce jaririyarta ba ta barci, ita ma ba ta barci, ga aikin dare. To ita da take jaririya fa? Gidanmu na farko, tagar ɗakinta da dogo ko jifa ba a yi, kuma tana barci kamar an yi mata waƙa. Kin ce in na wuce kina gane hannuna. Kin ce ta ƙarshen nan ina ja ta fiye da kowa.

Doguwa, doguwa, gajera, doguwa. Ba ado ba ne, ba kiɗa ba ne. Biyu dogaye tun daga nesa, gajera ɗaya, sai ta ƙarshe ka riƙe ta har hancin jirgi ya hau kan titin. Har ya hau — ba kafin nan ba. Shekara talatin da huɗu ina yin haka, kowace mahaɗa, ko da tsakar dare ba kowa sai kyanwa.

Yauwa, sun fara. Shugabar majalisa, Misis Castellano, ta buga gudumarta ta katako. Na ga ta buga. Ko gudumar ma sun samo marar ƙara.

Abin da ba su sani ba… a'a, abin da ba sa so su sani: wannan jirgin lantarki ne. Na gawayi yana tari tun daga garin gaba. Na dizal yana gurnani, ƙasa na rawa, kare ma ya san ya kauce. Na lantarki fa? Hannun ƙarfe ɗaya a bisa kansa yana shafar waya, shi ke nan, sai ɗan zuuu kamar sauro. Kuma da safe, in za a birni, kan jirgin ma a baya yake yana turawa, taragu tara a gabansa, direba na zaune a ɗan ɗaki a goshin taragon farko. Abin da ke tunkaro ka babu inji a cikinsa sam. Bango ne kawai mai tafiya. Ka taɓa jin takun bango?

Za su ce ai an sa sababbin sanduna, huɗu, suna rufe titi ruf, mota ba ta iya zagayewa. Mota! Kullum mota. Mai ƙafa fa? 'Yar hanyar nan ta gefen tasha, wadda nake bi kowace safiya in je wurinki a maƙabartar coci, me ke wurin? Fitila ɗaya ja wadda hasken rana ke cinyewa, da 'yar ƙararrawa da ta daɗe da mutuwa. Rabon da in ji ta ta kaɗa… na faɗa musu, ba su gyara ba.

Dusar ƙanƙara, ranar nan, kin tuna — tana zuba a kwance, iska daga teku. Jirgin kudu ya wuce ta gabanta, ita kuma ta ɗauka shi ke nan, an gama. Tsohuwa da keken cefane, mayafi ya rufe kunne. Ba ta san akwai na biyu ba. Ni ne na biyun. Birki? Birki a nan addu'a ce kawai, sai ka yi rabin mil kafin ka tsaya. Ina cikin doguwar ƙarshe, na riƙe, na riƙe, hannuna ya ƙage… ta ɗago kai. Taki ɗaya ta ja baya. Keken ne ya tafi, gwangwanaye da kabeji har kan rufin tasha. Misis Dombrowski. Shekara goma sha tara tana aiko mana da burodinta mai zaƙi duk Kirsimeti, kina cewa ya yi bushewa amma kina ci. Taki ɗaya, Eudora. Wace sanda ce za ta ɗaga kan tsohuwa?

Sully kuwa bai samu takin nan ba. Abokin aikina, mai bakin tsiya, shi ya sa mini suna Fasto saboda ina ɗaura lakataya a wuya a cikin jirgi kuma ba na ashar. Fasto, yi mana addu'a wayar nan kada ta tsinke. Fasto, in ka mutu jiniya za mu busa maka maimakon waƙar coci. Nasa mutumin, wanda ya shiga gaban jirginsa, bai ɗago kai ba. Daga ranar Sully bai sake tsokanar kowa ba, bai kai fansho ba… su waɗannan sun san Sully? Suna barci lokacin. Barci mai daɗi.

Mai jar hula ya miƙe. Minti uku ake ba kowa. Yana nuna wani zane a bango, yana murmushi, mutane na gyaɗa kai. Me yake cewa? Darajar gidaje, ina jin. Kullum darajar gidaje. Ya juya mini baya, to ta yaya zan… a'a, ba kunnena ba ne, ɗakin ne, rufinsa ya yi tsawo. Marva ta dame ni da 'yar na'urar nan ta sawa a kunne, ta kai ni wurin likita kamar yaro, wai shekarun da na yi jiniya na bisa kaina sun cinye mini ji. Tana cikin aljihun tebur, a akwatinta. Abin da ke mayar da ƙarar cokali kamar an fasa faranti! Ni da ke jin jirgin shida saura kwata daga kan gadona? Kullum. Shi ke tashina. Doguwa, doguwa… in ce yauwa, yaro, haka ake yi. Wani lokaci har in ce wannan hannun ya iya ja.

Wata mata yanzu, da jariri a ƙirji. Tana kuka? Tana kuka. To… Allah ya ba ki haƙuri, 'yata, amma jaririn da jiniya ta tasa gobe zai tashi. Wannan zan faɗa. A'a, ya yi kaifi. Rabaran ya ce gaskiya ba ta bukatar wuƙa. Rabaran bai taɓa zama a goshin jirgi ba.

Ban rubuta komai ba, na haddace, kamar zabura. In gaishe su, in faɗi sunana da shekarun aikina. Misis Dombrowski. Bango mai tafiya. Sannan in roƙe su — roƙo, ni! — kada su taɓa ta.

Marva ta waiwayo. Tana yi mini alama da hannu, in zauna, kada in tashi. Tun shekaranjiya take ƙoƙarin gaya mini wani abu a waya, na ce ba na son jin komai daga bakin wadda ta sa hannu, na ajiye. Ba wannan kaɗai take so ba, na sani. So take in bar gidanmu in koma ɗakin bayan gidanta, wancan gefen dogo, in daina tsallakawa. In zama kaya. A'a.

Ana kallona. Sunana aka kira? Tun yaushe? Sau biyu, ga alama… Gwiwa, ki yi mini rana. Maɓallin kwat. Lakataya daidai.

Ina magana. Muryata na fita, ina jin ta a ƙirjina, bangon baya ma yana ji. Sun yi tsit. Yauwa, haka ake sauraro. Keken cefane, kabeji, taki ɗaya… matar nan mai jariri ta rufe baki da hannu. Misis Castellano ta ajiye alƙalami. Eudora, suna ji! Saura ƙarshen.

"Ko yau da safe na ji ta daga kan gadona, na gode wa Allah. Ranar da kuka kashe jiniyar nan, ni zan fara sani, kuma ku shirya makara."

Me… me ya sa suke kallon juna? Mai jar hula ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Dariya? Wani a baya ma. Misis Castellano tana magana, a hankali, da irin fuskar da ma'aikatan jinya ke yi. Mista Ollivierre — wannan na gane a leɓenta. Sauran… gwaji? Satumba? Wane gwaji?

Hannun Marva a damtsena. Bakinta dab da kunnena na dama, mai ɗan sauran rai, numfashinta da ɗumi.

"Baba, tun farkon Satumba aka dakatar da ita, na gwaji. Mako shida ke nan ba jirgin da ya busa a Alder. Yau ƙuri'ar tabbatarwa ce kawai."

Ƙarya. Na ji ta. Yau, jiya, ranar Lahadi ma da ba ya… ranar Lahadi babu jirgin shida saura kwata. Babu shi a ranar Lahadi, ni na fi kowa sani. Amma na ji. Na ce wannan hannun ya iya ja, yana riƙe ta ƙarshen nan har…

Hannuna ne.

Zauna. Kujera, ina kujera… Suna ɗaga hannu a kan tebur. Huɗu. Ɗaya bai ɗaga ba, wani siriri a ƙarshe, ban san sunansa ba, ba ya kallona. Guduma ta sauka, ba ƙara.

To ƙararrawar gefen tasha — ta mutu ne, ko kuwa…? Na tsaya gaban akawunsu sau uku ina faɗa a kan ƙararrawar da ke kaɗawa? Kuma kowace safiya ina isa bakin dogo, wuyan nan da ba ya juyawa sosai, rana a idona, in tsaya, in kasa kunne. Shiru. In ce babu jirgi, in taka. Mako shida. Ba kunne ke tsallakar da ni ba, jadawalin da ke cikin kaina ne, na shekarun baya, wanda wataƙila an canza shi sau goma. Da a ce jirgi ɗaya ya makara da minti goma, kamar yadda taron nan ya makara… wani yaro a goshin tarago, doka ta ce kada ya busa sai ya ga haɗari, ya gan ni, ya danna da dukan ƙarfinsa, ya riƙe, ya riƙe, yana jiran tsohon nan mai lakataya ya ɗago kai —

Da ba zan ɗago ba.

Da na mayar da shi Sully.

Amma ai gaskiyata ce! Duk abin da na faɗa gaskiya ne, bangon nan yana nan yana tafiya, mai kunne yana bukatarta, jikata za ta yi ƙafa wata rana… wa zai tuna? Abin da za su tuna shi ne kurman tsohon da ya zo kare ƙarar da ba ya ji. Ni na ba su hannu na huɗu, wataƙila. Da bakina, a buɗe, yadda aka koya mini.

Gobe Laraba. Furanninki sun bushe tun Litinin, na ce zan kawo sababbi. Kina wancan gefen, Eudora. Ku duka kuna wancan gefen.

Sun watse. Ana jan kujeru a ƙasa, ba ƙara. Wa ya rage… mai shara, yana naɗe wayar lasifika. Siririn nan da bai ɗaga hannu ba, yana neman mabuɗin motarsa. Matar da jaririnta, wanda ya yi barci tun ɗazu. Marva, tsaye, kwat ɗina na sanyi a hannunta, ba ta ce komai ba, ko ta ce. Ni. Da wannan kuma, ga ta nan, tana tasowa daga wajen Alder sarai kamar kullum — doguwa… doguwa…