Man Giya a Bayan Katanga

…ai ba wai ba ta san mai ba ne. Ita? Luba mai ƙuli-ƙuli? A faɗa wa wata. Tun ba ta iya ɗaurin zane ba take murza tunkuza, sai yau za a taso daga Ɗambatta da sifana a aljihu a koya mata yadda mai yake mutuwa? Mai in ya yi baƙi ya yi ƙauri, ya mutu. A zubar, a kankare kasko, a zuba sabo. Haka ta ce, haka kuma aka yi…

To kukan me motar take yi?

Tana zaune a ƙofar zaure ta cikin gida, bayan asabari, cikin mayafin nan da bai sauka daga kanta ba tun ranar da aka ɗauki gawar mijinta, Malam Iliyasu. Katanga ɗaya ce tsakaninta da a-kori-kurarsa. Katanga ɗaya — da takaba. Ba ta gani, ji take yi. Injin ya ɗau gurnani, ya hau, ya hau, hayaƙin gas ya tsallako ya shiga mata hanci… taya kuwa shiru. Ta san ƙarar tayar nan a kan ɓawon gyaɗar ƙofar gida, ƙurus-ƙurus, ko a cikin barci ta san ta. Babu. An saki totur. An sake takawa. Babu.

Wataƙila sai ta yi zafi. Da ma sai ta yi zafi take tafiya, ai shi ya sa aka kira bakanike. Zaharaddini ne — ɗan farin nan da bakinta bai taɓa kiran sunansa ba, shi ke jan motar yanzu — ya shigo mata da dogon tsinken awon mai, wai Inna duba, da safe in na sa giya sai ta tsaya tana tunani kafin ta tashi. Ta shafa a yatsa. Baƙi. Ta sansana. Ƙauri, kamar kaskon mai ƙosan da ta yi gyangyaɗi a bakin murhu. Har da wani gari-gari a ciki, mai laushi, kamar toka. Da wannan ake tafiya? Da wannan Malam ya yi shekara da shekaru yana hawa titin Kano?

Mota mai sa wa kanta giya. Otomatik. Ranar da ya kawo ta an sha dariya a garin nan, wai motar malalata, ƙafa ɗaya take ci. Mitarta ta zaga, ta zaga, har ta gaji ta tsaya, motar ba ta tsaya ba.

Gobe Lahadi.

Ga buhunan gyaɗa nan jingine a zaure har kusa da rufi, nata da na maƙwabta. Gobe kasuwar Ɗambatta, kuma Sabo ya sani. Sabo, ƙanin Malam, da bai bari an gama rabon gumbar arba'in ba ya fara: mota ta tsufa, a kai ta Ƙofar Ruwa wajen masu kayan mota a yanka, a sayar da kayan ciki tun suna da daraja, a raba wa magada. A yanka. Kamar akuya. Ta aika wa Liman — aike, aike, komai yanzu aike — ta ce motar nan ita ce turmin gidan nan, ita ce taɓarya. Liman ya ce to a bar ta ta gwada kanta. In ta ɗauki gyaɗar bana ta kai kasuwa ta dawo da ƙafarta, a sa ta a rabon Luba da 'ya'yanta. In ta kwanta, maganar Sabo.

Da ita ce a waje… Da ita ce a waje da ta tsaya a kan bakanike yadda take tsayawa a kan masu awo, hannu a ƙugu, ido a kan mudu. Rumfunan gyaɗa kaf sun san muryar nan. Ga Luba nan, kowa ya cire babban yatsa daga kwano. Yanzu fa? Mai takaba ba ta ɗaga murya. Mai takaba ba ta leƙe. Tsofaffin unguwa na shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai gaisuwa, ido a kan ƙafarta ko ta taka dokin ƙofa…

Usaini. Usaini bakanike, da muryarsa ta mai ba da haƙuri. Da hantsi ya tsuguna a ɗaya gefen asabarin.

"Inna, man nan tare suka tsufa da giyar. Abin da ya goge daga faya-fayan ciki yana cikinsa, shi ke sa su kama juna. A saki na kwanon ƙarƙashin giya kawai, a canja matatar mai, a cika. Sauran a bar shi. Bayan kaka in dawo mu ƙara rage wani."

In dawo. Ka ji. In dawo… Aiki ɗaya a tsaga shi gida-gida, kowane zuwa da ɗawainiyarsa. Ya ga mace a bayan asabari ya ɗauka ya samu kaza. Rabin sabo a kan rabin matacce? Wa ke zuba sabon mai a kan ƙonanne ya soya abin da mutane za su ci? Ta ce a juye duka. Ya ce Inna. Ta ce a yi ta ɗura sabo, tsohon na fita, har sai abin da ke fitowa ya yi ja kamar zoɓo, a kawo mata a murfi ta gani da idonta. Ya ce Inna, ni dai na faɗa. Ta ce in ba zai iya ba, akwai bakanike a Bici. Duk a raɗa. A raɗa ta kayar da shi — har ta ji wani ɗan daɗi, Allah Ya yafe, daɗin farko tun rasuwar.

An kawo a murfi. Ja. Garau.

Ranar Juma'a in an sauko masallaci, Malam yakan cire babbar riga ya rataye a ƙofar mota, ya zaro 'yar kwalbarsa ta man giya daga ƙarƙashin kujera. Ɗan ciko, bai fi na kurɓa ba. Yana ɗurawa yana yi wa motar magana ƙasa-ƙasa. Ita kuma daga nan, daga wannan ƙofar: Malam, rowa har ga mota? Ka canja mata gaba ɗaya mana. Sai dariyar nan tasa ta hanci — Luba, tsohuwa ba a yi mata wankan amarya, sanyi sai ya kama ta. Shi ke nan. Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutumin da sai ɗaki ya yi yoyo yake tuna yaɓe, yaya za a yi ta gane wannan karon ba lalaci ba ne? Ya zaunar da ita ya yi mata bayani mana. Duk ruwan alwalar da ta kai masa, bai samu yini ɗaya ba… Kai ma, Malam. Kai ma. Ka tafi da abin a cikinka.

An sake takawa. Gurnani… ɗan motsi, ƙurus — zuciyarta ta riga ƙafarta miƙewa — sai ya suɓuce. Kamar guga ya kawo bakin rijiya igiya ta zame. Wani a waje ya ce a gwada ribas. An gwada. Wani ya yi dariya. Ta san dariyar, mai shayin bakin hanya ne, wanda a kasuwa ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

Hannunta ke wari. Tun ɗazu take jin warin, ta ɗauka daga waje yake. Baƙin man ne a ƙarƙashin farce. Ai Usaini ya so ya wuce da shi, ta ji sanda yake jan bahon. Haka suke yi, su tara su kai wa masu katako. Ta ce a'a. Abin da ya fita daga motar gidan nan na gidan nan ne. Aka turo bahon ta ƙarƙashin asabari, cike, yana rawa. Ga gara ta addabi ƙafafun rumbu, ta hau dirkokin rumfar awaki, ƙofar ɗakin Malam ma ta fara ci ta ƙasa. Aikin da mai takaba za ta yi ba a ce ta fita ba. Ta ɗaura tsumma a kara. Suna can suna ɗura sabo, ita tana nan tana shafawa, itace bayan itace, rana na duka, busasshen itace na sha kamar ya shekara da ƙishi. Ko ɗigo bai tafi a banza ba. A gidan Luba ba a asara…

An kashe injin.

Shirun ya fi kukan muni. Tattabaru a kan katanga. Daka a wani gida. Takun takalmi ya shigo zaure, ya ratsa tsakanin buhuna, ya tsaya. Gwiwa ta yi ƙara, an tsuguna.

"Inna." Usaini ne. "Ba ta kamawa. Sabon man ya wanke faya-fayan tas, santsi suke yi." Ya matso jikin asabarin. "Baƙin man nan na ɗazu, a turo min. In aka mayar mata da shi, wani sa'in takan kama, ko ta kai ku kasuwa ta dawo. Ban dai yi alkawari ba."

Ta juya.

Rumbu na tsaye da baƙaƙen ƙafafu, yana sheƙi. Dirkoki. Ƙofar ɗakin Malam, baƙa har sama. Baho a kife a gindin randa, ta ma cuɗe shi da toka da yashi, don ita ba ta barin kwano ya wuni da dauɗa…

Wane irin bakanike ne wannan? Wane irin namiji ne mai takaba za ta kayar da raɗa? Ya san gaskiyarsa, ya tsaya a kanta mana. Ya ce ba zan yi ba, ya tattara sifanunsa ya hau mashin. Ai da ta aika an dawo da shi. Da ta… Da ta aika? Luba? Da na Bici ta kira. Da shi ma ya ce Inna, ita kuma ta ce…

Tsumman. Tsumman na nan a kan kara, jingine da turmi. Ta kwance shi, ta ɗauko murfin kwano, ta murɗa da hannu biyu. Ɗigo. Ɗigo. Ta ƙara murɗawa har wuyan hannu ya amsa. Ɗigo. Ko gindin murfin bai rufe ba. Itace fa, ana matsarsa? In an kankare… in an dafa… Wa ya taɓa karɓo abu daga bakin busasshen itace?

Mashin ya tsaya a ƙofar gida. Salansar nan da ta fashe, duk garin mutum ɗaya ke da ita. Sallama doguwa, mai zaƙi, ta wanda ya riga ya biya ta wajen mai shayi. Sabo.

"Matar Yaya, ana ciki? An ce yau kin yi wa tsohuwa gata. Na ce bari in zo in ga shirin gobe."

"Inna?" Usaini, ƙasa-ƙasa. "Man fa?"

Su biyu a bayan asabari ɗaya, kowa na jiran bakinta. A ce me? A ce ga shi can a ƙafar rumbu? A ce gara aka ba? A ce… Tana tsaye a tsakar gida, rana tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Baƙi na bin damtsenta, yana gangarawa cikin hannun riga, ba ta share ba. Murfin — kar ya karkace. Kar ya zube. Tana dai riƙe da shi. Tana riƙe…