Kunyar Ɗan Fari

Tun da Muhammad Auwal ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan fari, Inna Amarya kuwa irin matan Roni ce na da, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. "Wancan" take ce masa, in ta sassauta ta ce "yaron nan". In ya shigo gaishe ta sai ta ja mayafi, ta amsa a taƙaice tana kallon bango. Ya san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Amma sanin bai hana abin ci masa rai ba, har furfura ta fito masa.

Sai mantuwa ta kama Inna. Da fari gishiri take ta ƙara wa miya, daga baya ta fara fita neman gidan ubanta da ya rushe tuntuni. Dangi kowa da fatawarsa. Wasu suka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Wasu suka ce gigin tsufa ne, a bar ta kawai. Auwal ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a Kazaure. Maƙwabciyarsu Priscilla, ma'aikaciyar jinya, ita ta fahimtar da matarsa Ihsan cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba ya warkewa, kuma gardama ƙara ruɗa ta take yi. Duk wanda Inna ta ce kai ne, to ka zama shi.

Shi kuwa Auwal, Inna ta ce shi ne Falalu, ƙanenta da ya daɗe da rasuwa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Uwarka ta dube ka ido cikin ido ta kira ka da sunan mamaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kowace salla roƙonsa ɗaya, Allah ya sa ta gane shi ko sau ɗaya kafin ta bar duniya.

Sai dai Falalu ɗan gata ne a wajen Inna. Da Auwal ya dawo daga ofis za ta jawo shi kan tabarma, ta ɓare masa gyaɗa, ta yi ta tsokanarsa a kan sanƙo da tumbi. Mutumin da bai san ɗumin tafin uwarsa ba, ga shi yau ana shafa masa kai.

Wata la'asar tana ɓarar gyaɗa ta rage murya, ta ce, "Falalu, ka ga Auwalu kuwa? Lokacin da ya yi ƙyanda, surukai sun cika gida, ban isa in ɗauke shi ba. Sai rana ta take, kowa ya kwanta, in goya shi in zagaya bayan rumbu ina kuka. Duk 'ya'yana babu kamarsa. Kada ka gaya masa."

Ya ce ba zai gaya masa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba. Daga ranar har sauri yake ya dawo gida a kira shi Falalu, amma bai fasa addu'arsa ba.

Ran wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ya zauna a gefenta kamar kullum, ta zuba masa gyaɗa a tafi. Sai hannunta ya tsaya. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. A hankali ta zare hannunta daga nasa, ta ja mayafi, ta juya fuska bango.

"Ke yarinya," ta ce wa Ihsan, "ki ce wa wancan ya riƙa cin abinci. Ya rame."

Ihsan ta dafe ƙirji, ta ce a hankali, "Ta gane ka."

Ya gyaɗa kai. Abin da ya roƙa ke nan, an kuwa ba shi. Ya tashi daga tabarmar, ya koma bakin ƙofa inda ɗan fari ke tsayawa, ya durƙusa ya ce, "Barka da Juma'a, Inna."

Ta amsa tana kallon bango. Gyaɗar tana nan a hannunsa, ya kasa ci.