Hular Kyaftin da Gwangwanin Biskit

Shekara bakwai ina kallon Tashar Bayan Rana, shirin talabijin na masu yawo a sararin samaniya, kashi ɗaya tak na taɓa rasawa, shi ma don ina kwance a asibiti an yi mini aiki a ciki. Ni ne Remberto Antezana, mai gyaran agogo a bakin babbar kasuwar birnin Cochabamba. Ina da littafi guda da nake rubuta duk abin da ya faru a shirin, da tarin kaset a ƙarƙashin teburin aikina. In gardama ta kaure kan wane ne ya fara taka jar duniyar nan, ko a wane kashi aka harbe matuƙin jirgi, ni ake juyowa a kalla.

Mu goma sha ɗaya ne, duk Asabar da ƙarfe uku muke haɗuwa kallo a gidan abincin Doña Zenobia, bayan masu cin abincin rana sun watse. Muna da al'ada. Sati biyu kafin kashin ƙarshe na shekara, kowa zai rubuta hasashensa a takarda ya sa hannu, a zuba a gwangwanin biskit, Doña Zenobia ta ɗiga kakin kyandir a bakin murfin. Wanda ya canka daidai shi ke sa hular kyaftin da ta saƙa da hannunta, ya zauna a kujerar gaban talabijin, kuma shi ake fara zuba wa miyar gyaɗa har shekara ta zagayo. Doka ɗaya ce: ba ka rubuta abin da ka ji a bakin wani. Hular ta yi shekara huɗu a kaina, saboda haka gwangwanin ma a shagona yake zama.

Sai Casiano ya shigo cikinmu. Ni na kawo shi da hannuna, Allah ya isa tsakanina da wannan ranar! Direban ƙaramar bas ne, abokina tun muna makaranta, shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke ce wa juna kompadre. Bai san sunan kowa a shirin ba. Kyaftin Ildara sai ya ce "uwar ɗakin nan tawa", mutum-mutumin da ke dafa wa jirgin abinci kuma "Mai Ludayi". Yana kallo yana tauna, yana yi wa 'yan wasa tsawa kamar fasinjojinsa.

"Ke baiwar Allah, kar ki buɗe ƙofar nan! Ba ki ji kiɗan ya canza ba?"

Sai ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuwa in na fara bayanin yadda lokaci ke tafiya a kusa da baƙin tauraro, sai ka ga kowa ya sunkuya yana hura miyarsa. Kafin wata shida, Profesora Elvira, malamar makarantar da ke cikinmu, wadda a da ni take tambaya komai, ta koma cewa, "Don Casiano, kai me ka gani?" Me zai gani? Mutumin da ko littafi ba shi da shi! Na ji zafin abin, ba zan ɓoye ba. Har farantinsa nake leƙawa in ga ko naman da aka sa masa ya fi nawa.

A shekarar tambaya ɗaya ce a bakin kowa. Tun kashin farko akwai wata murya da ke shigowa ta rediyon jirgin tana nuna wa kyaftin hanya, kuma an yi alkawarin za a bayyana mai ita. Ni na riga na gano. Duk lokacin da muryar ta yi magana, hannun daƙiƙa na agogon bangon ɗakin tuƙi baya yake komawa. Wa zai lura da wannan in ba mai gyaran agogo ba? Kyaftin ce da kanta, ta tsufa, tana magana daga gaba zuwa baya. Na riƙe abina shekara biyu ban gaya wa ko matata ba, sai wata Lahadi muna dawowa daga garin Tarata a basɗinsa, na ɗan sha fiye da ƙima, bakina ya suɓuce na zayyana wa Casiano komai.

Ranar da muka jefa takardu a gwangwani na ga yana rubutu yana murmushi, ya ɗago ya kanne mini ido. Shi ke nan, hankalina ya tashi. Na ce wallahi sace mini ya yi. Kwana uku gwangwanin yana kan kanta tsakanin agogunan mutane, ina aiki ina satar kallonsa. Rana ta huɗu da tsakar rana na ja ƙofar shago, na ɗumama siririyar wuƙar da nake buɗe bayan agogo da ita, na ɗaga kakin a hankali ko tsagewa bai yi ba.

Ga abin da ya rubuta da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: "Mai Ludayi ne. Ba a taɓa ganinsa a ɗaki ba in muryar tana magana, ko ranar da gobara ta tashi a ɗakin injin. Wanda ke ciyar da kai shi ya san inda za ka."

Na yi dariya, sannan dariyar ta maƙale. Na jawo kaset na sa, mai girkin ba ya nan. Na sa na biyu, ba ya nan. Har guda tara na duba. Gobarar ce kawai ban tuna ba, na ce lalle a kashin da na rasa ina asibiti ne. Sai na hango shi da hulata a kansa, Profesora tana tafa masa, ni ina can baya kusa da ƙofar kicin. Shekara bakwai ina ƙirga daƙiƙa, direban bas ya zo yana tauna ya gane abin da ban gani ba! A al'adarmu in mutum biyu sun canka, wanda ya fi kawo hujja shi ke ci. Na yaga takardata, na rubuta Mai Ludayi, na jera lambobin kashi tara, na ƙara da gobarar ɗakin injin. Na mai da kaki yadda yake.

Asabar ɗin da aka nuna kashin ƙarshe gidan ya cika, har masu tallar lemo sun tsaya a taga. Minti goma ya rage a gama, kyaftin ta fasa wata ƙofa a ƙasan tashar, sai ga tsohuwa zaune gaban rediyo, kanta fari fat. Ta juyo. Fuskar kyaftin ce. Aka nuna agogon bango ya cika talabijin, hannunsa yana komawa baya.

Ɗakin ya rikice. Doña Zenobia ta saki ludayinta tana cewa, "Wayyo uwata!" Wani yana rantsuwa an cuce mu, Profesora tana share hawaye. Casiano kuwa ya hau kan benci yana nuna ni.

"Kompadre ya faɗa! Agogon! Tun watan Maris ya gaya mini a hanyar Tarata, wallahi kalma da kalma! Ku buɗe gwangwanin nan ku ga kai!"

Ya cire hular daga kaina don ya sake ɗora mini ita da hannunsa, kamar yadda ake yi. Na ce a bari sai wani satin, kowa ya gaji. Wa ya saurare ni? Doña Zenobia ta ɓalle kakin da farce, ta sa tabarau tana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta karanta ta Casiano aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Ta buɗe tawa ta fara da murya sama, sai muryar ta riƙa sauka. Da ta kai kan gobarar ta tsaya.

Profesora Elvira ta ce, "Wace gobara kuma? Ba a taɓa yin gobara a ɗakin injin ba."

"Ai ni na ƙaga ta," in ji Casiano. Ya daina dariya, hular tana hannunsa, yana kallona. "Kompadre, tun ranar na san naka ne daidai. Doka ta hana in rubuta, sai na zauna na shirya shirme don dai kar in jefa farar takarda."

Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi mini sauƙi. Doña Zenobia ta ninke takardun biyu tare ta sa a aljihun gaban rigarta. Casiano ya sauko daga bencin, ya juya hular a hannunsa, ya rataye ta a ƙusar da ke saman talabijin. Aka zuba miya daga bakin ƙofa zuwa ciki, kamar yadda ake wa kowane baƙo.

Har yau ina zuwa, duk Asabar Casiano yana tsayawa a ƙofar shagona ya danna hon sau biyu, bai taɓa tayar da maganar ba. Kujerar gaba babu kowa a kanta. Makon jiya ina zaune a baya na ji Profesora tana gaya wa wani sabon zuwa cewa ƙarshen shirin bai yi mata daɗi ba, da Mai Ludayi aka sa da ya fi ma'ana. Mutum uku suka gyaɗa kai. Gaskiyar da na yi shekara biyu ina tarairaya, ƙaryar da ya shirya yana cin ayaba ta fi ta farin jini, kuma ni ne na fara yarda da ita har na sa mata hannu.