Telan da Ya Bar Rara

Ƙanena tela ne, kuma duk wanda ya taɓa kai masa ɗinki ya san halinsa: ba ya yanka yadi cif-cif. Sai ya bar rara a kalmasa, ko yaro zai ƙara tsawo, ko uwar gida za ta ƙara ƙiba. Na sha yaba masa a kan haka, ban san wata rana zan so in shaƙe shi a kai ba.

Ƴarsa Auta shekararta biyar, an haife ta da wani ciwon hanta na gado da ba kasafai ake gani ba. Likita ta ce ruwan maɗaciya ne ba ya gangarowa hanji, sai ya taru a jini ya jawo ƙaiƙayi. Ni dai abin da na sani, yarinya tana goga bayanta a bango da ƙafar kujera har fata ta saɓule. Sau da yawa na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Da aka samu sabon magani, likita ta miƙa wa ƙanena takarda. Tun wata guda kafin a fara, kullum ya rubuta ƙarfin ƙaiƙayin, daga sifili zuwa huɗu. In aka sha wata uku babu canji, za a dakatar, a koma maganar tiyata.

Maganin ya karɓe ta. A mako na biyar na tarar da Auta zaune a tabarma tana jera murafen kwalba, hannayenta biyu duk a kan wasa. Na daɗe a tsaye ina kallo.

Ranar komawa asibiti bayan wata ukun na raka su. Likita ta buɗe takardar, ta juya, ta sake juyawa, sai na ga fuskarta ta canza.

"Malam, kafin magani ka rubuta ɗaya kullum. Bayan magani ma ɗaya. Gwajin jini bai sauka sosai ba, da wannan takardar zan nema mata ci gaba. A haka kuwa ba za a yarda ba."

Na juya na dube shi. "Kai! Lokacin da take zubar da jini a zanin gado ne ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, na ga lambar a huɗu ta tsaya. Na ce in na cike ta tun yanzu, abin ya ƙaru, ina zan rubuta? Shi ne na bar wuri."

"Riga ce? Ƴar taka riga ce da za ka bar mata kalmasa?"

Likita ta danne dariya, amma ta ce ba za ta gyara lamba da baki ba, sai da shaida. Ƙanena ya miƙe, ya ce a ba shi minti talatin. Ya dawo gumi sharkaf da wata jaka da ke zama ƙarƙashin keken ɗinkinsa, ya zazzage ta a kan tebur.

Safar hannu ce, ƙanana, tuli guda. Shekara biyu ke nan yana ɗinka wa Auta su da auduga mai laushi don kada farce ya yage ta, ɗinkin ta waje don kada ya goge ta. Ba a cire mata sai uwarta za ta yi mata wanka ko ba ta abinci. Kuma kamar yadda yake yi wa yadin kowa, ya rubuta kwanan wata da biro a bakin kowace.

Ya jera su bi da bi. Na watan da ya gabaci magani guda goma sha ɗaya, kowace ta huje a kan yatsu, da tabon jini da wanki ya kasa fitarwa. Watan farko na magani sai uku. Daga nan sai biyu, su ma datti ne kawai.

"Ta ƙarshen tana hannunta," in ji shi. "Makonta shida."

Likita ta kamo hannun Auta ta duba, ko zare bai tashi ba. Ta ɗauki hoton jerin da wayarta, ta ja biro ta yi rubutu mai tsawo.

"Na ga takardu da yawa, Malam, ban taɓa ganin mai gaskiyar wannan ba. Za ta ci gaba da sha. Safar kuma a huta da ita haka."

Wallahi a lokacin duk haushina ya tafi. Wannan mutumin da ya kasa rubuta huɗu, shi ne bai tsallake rana ɗaya ba a shekara biyu.

Da muka fito bakin titi, ya miƙa mata hannu za su tsallaka. Ta kama da hannunta babu safa, ta tsaya, ta shafa tafinsa da yatsunta.

"Baba, ashe hannunka kaushi gare shi."

"Almakashi ne," ya ce.

Motoci suka tsaya mana, wani har da danna ham, amma bai ɗaga ƙafa ba sai da ta gama shafawa.