An Sa Masa Magani

"Haka Allah ya so," in ji Baba Magaji, sannan ya shafa addu'a ya gyara zama a kan tabarma.

Chindo ya ci gaba da kallon ƙasa. Tun jiya da aka dawo daga rufe 'yarsa Zinariya, maganar nan yake ji daga bakin duk wanda ya zo gaisuwa, har ta koma masa kamar kukan sauro a kunne. Baba Magaji, ƙanen mahaifinsa, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Ana yi maka gaisuwa kana kallon ƙasa? Buɗe baki ka amsa wa mutane."

"Da godiya," in ji Chindo.

Duk garin an tafi a kan zazzaɓi ne ya ɗauke yarinyar, don ta kwana biyu a kwance. Shi ma haka ya ɗauka, sai da safiyar yau ya zagaya bayan ɗakin mahaifiyarsa Gogo, ya tarar da kajinta a mace, ƙafafu a miƙe, kewaye da wani kasko mai ragowar kunun gyaɗa. Kunun jaja-jaja ne. Ya koma ɗakinsa ya duba buhun irin gyaɗar da ya karɓo a garin Gazawa, wanda ya jingine yana jiran ruwan shuka. An kwance bakin buhun, an sake ɗaure shi da ƙullin da ba nasa ba. Ya san ƙullin. Irinsa Gogo take yi wa ƙunshin daddawa.

Ya binne kajin da kaskon, bai gaya wa kowa ba.

Irin na gwamnati ne, ɓararriyar gyaɗa da aka barbaɗe da wani jan gari. Ranar da aka raba, malamin gona ya hau kan buhu ya ce, "Wannan ba irin naku ba ne, an sa masa magani." Da Chindo ya kawo shi gida, Gogo ta leƙa ta tambayi dalilin jan, shi kuwa ya maimaita mata abin da ya ji, bai rage ba bai ƙara ba.

Wani mai gaisuwa ya durƙusa a gabansa. "Allah shi sa mai ceto ce. Shi ya ba da, shi ya karɓa."

Chindo ya miƙe ya zura takalmi.

"Ina zuwa?" in ji Baba Magaji.

"Gazawa."

"Yau? Kana zaman makoki?"

"Ku zauna ku karɓa mini, Baba. Kun fi ni iya amsawa."

Rana ta yi tsaka kafin ya isa. Ya sami malamin gonar, Haruna, wanda ake kira Mushe, wato Malam a faransance, a rumfa kusa da buro, ofishin hukuma, ƙarƙashin sabuwar tutar da aka kafa bayan tafiyar Bature. Saurayi ne ɗan lakol, wato ɗan boko, da kakinsa, yana awon iri ga wasu mutanen ƙauyen Gangara.

"Mushe, mi ne ne a jikin irin nan?"

"Magani ne, don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa kafin ya tsiro."

"Yana kashe ƙwari?"

"Awo, yana kashewa."

"Yana kashe kaji?"

Haruna ya ajiye mudun. Ya dubi Chindo, ya ja shi gefe, bayan buhuna.

"Wa ya ci?"

"Ɗiyata. An yi mata kunu da shi saboda ba ta da lahiya. Jiya muka rufe ta."

Haruna ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ya yi salati, ya sake yi. Can ya ce, "Ai na faɗa. Duk garin da na je sai na faɗa an sa masa magani."

"Ka faɗa. Ni ma na faɗa. Tsohuwa ta ji magani, ta ga jika a kwance. In kai ne fa?"

"To ai maganin ɓera ma magani ake ce masa! Wa ya taɓa jiƙa wa yaro maganin ɓera?"

"Ka ce na ɓera ne? Ka ce na ƙwari ne? Magani ka ce, ka yi shiru, muka tafa maka."

Haruna ya shiga buro ya fito da gwangwanin jan garin. A jikinsa akwai zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa. "Ga shi, a faransanci kalmarsa daban ce, ba a haɗa ta da ta likita. Guba ce. Amma ka san mutanenmu. In na tsaya a kasuwa na ce gwamnati ta kawo muku iri mai guba, wa zai karɓa? Kafin yamma za a ce sabbin shugabanni sun fara kashe talakawa. Ni so nake a shuka a samu. Wallahi alheri na nufa."

"Kowa alheri ya nufa. Yarinya dai tana ƙasa."

"Kana da ikon kai ƙara," in ji Haruna a hankali. "Ba zan hana ka ba. Sai dai jandarma ba ni kaɗai za su tambaya ba. Za su ce wa ya kwance buhu, wa ya dama, wa ya ba ta."

Chindo ya hango Gogo a ransa, tsugune a gaban jandarma, ana fassara mata abin da hannunta ya yi.

"Ka yi haƙuri," in ji Haruna. "Ƙaddara ce. Haka Allah..."

"Kada ka ƙarasa. Daga yau ka riƙa cewa guba. Kai dai ka faɗi wannan, ka bar wa wasu waccan."

Da la'asar ya komo gari, ƙafafunsa fari fat. Bai wuce gida ba, ya tsaya a ƙofar masallaci inda liman, Malam Yahaya, yake zaune yana tufkar igiya. Shi ya koya wa Chindo ɗan karatun da ya yi, kuma tun a lokacin yake kiransa mai tambayar tsiya.

"Ka bar mutane ka tafi," in ji Malam. "An yi ta magana."

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Sharrin da ke faruwa a duniya, Allah ya so shi ko bai so ba?"

"Zauna tukuna."

"A tsaye zan fi ji."

Malam ya take bakin igiyar da ɗan yatsan ƙafa. "Ba abin da ke aukuwa a mulkinsa ba da sonsa ba. Amma so iri biyu ne. Akwai so na iko, wato ya bari abu ya kasance. Akwai so na yarda, wato abin ya gamshe shi. Sharri ya shiga na farko, bai shiga na biyu ba."

Chindo ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Nan ma kalma guda ce da fuska biyu."

"Nan ma? Da ina?"

Chindo ya wuce da tambayarsa. "To wanda ya cuci wani da hannunsa, alhali yana zaton taimakonsa yake yi, akwai zunubi a kansa?"

"Babu. Kuskure ne, an ɗauke masa."

"Wanda ya faɗi magana da kyakkyawar niyya, aka ji ta a karkace?"

"Shi ma niyyarsa ake dubawa."

"To, Malam, lissafa mini. Mai hannu ba laifi. Mai baki ba laifi. Wanda ya ga abin tun kafin a kwance buhu, kuma da ya so da igiyar ta ƙi kwantuwa, shi ma ka ce ba a jingina masa. Yarinya ta kwana tana murƙususu tana kiran sunana. Ta ina sharrin ya shigo? Wani dai ya buɗe masa ƙofa."

Malam Yahaya ya daina tufkar. "Wane buhu?"

Chindo ya kau da kai. Malam ya daɗe yana kallonsa, har fuskarsa ta sauya.

"Ɗauka ban tambaye ka ba," ya ce. "Kuma amsar da kake nema ba ni da ita. Manyan malamai sun yi ta juya tambayar nan, ni iyakar abin da na karɓa ke nan: ba ya zalunci, kuma ba a kama shi da tambaya. In na ƙara wani abu, ƙarya zan yi maka. Amma ka lura, mutanen da ke zuwa suna ce maka haka Allah ya so, ba shari'a suka zo yankewa ba. Kaya ne suka ga ya fi ƙarfin wuyan mutum, suke miƙa shi inda ba zai karya kowa ba."

"Ni kuwa na gaji da a ɗora masa abin da bakinmu ya yi."

"Ɗazu shi kake tuhuma. Yanzu kare shi kake yi?"

"Ban sani ba, Malam! Abin da ke cina ke nan."

Ya shiga gida. Matan gaisuwa sun ragu, matarsa tana ɗaki ba ta ko motsi. Gogo ce kawai a tsakar gida, tana shara a sunkuye, shara ce ta wanda ya rasa abin yi da hannunsa. Har yanzu akwai sauran ja a gefen farcenta.

"Ka dawo? Ko ruwa ba ka sha ba ka fita." Ta jingina da tsintsiyar. "Kajina ma tun safe ban gan su ba. Komai ya watse."

"Za su dawo, Inna."

Ta matso ta rage murya. "Akwai abin da ke damuna, ban gaya wa kowa ba sai kai. Na ɗebi gyaɗar nan taka mai magani na yi mata kunu. Kada ka yi faɗa, kaɗan na ɗiba. Ta sha, ba ta so, na lallashe ta ta shanye. Tun jiya nake tunani. Ko makara na yi? Da tun ranar da zazzaɓin ya fara na ba ta, ko da na ƙara yawansa, da ta tashi?"

Chindo ya dubi hannuwan nan da suka yi wa Zinariya wanka tana jaririya, suka yi mata kitso ranar salla.

"Ba ki makara ba, Inna," ya ce. "Haka Allah ya so."

Ta sauke numfashi, ta share ido da bakin zane. "Haka ne. Allah shi yi maka albarka, ka sanyaya mini rai." Ta sake sunkuyawa ga shararta. "Na ma gaya wa maƙwabciyarmu Shatu ta gwada, ɗanta na goye jikinsa ya yi zafi. Mijinta ma ya karɓo irin. Na ce kada ta yi jinkiri irin nawa."

"Yaushe kika gaya mata?"

"Ɗazu, da ta zo gaisuwa."

Bai tsaya neman takalmi ba. Gidan Shatu yana jikin nasu, dangar kara ce kawai a tsakani, wadda ko tari aka yi a nan sai an ji a can. Ya yi sallama bai jira amsa ba. Shatu tana bakin murhu da yaro a baya, kasko a kan wuta, jajayen 'ya'yan gyaɗa a faifai kusa da ƙafarta. Ta bayan dangar yana jin tsintsiyar Gogo tana tafiya a ƙasa, shar, shar.

"Shatu, ajiye faifan nan."

"Lahiya? Ai Gogo ce ta ce akwai magani a..."

Ya nemi wata kalma mai taushi, wadda za ta tsaya a wannan gefen dangar. Irin wannan kalmar ce ta kai shi maƙabarta jiya.

"Guba ce," ya ce. "Tana kisa."

A bayan danga, tsintsiyar ta tsaya.